Yadda Za A Horar Da Malamin Motsa Jiki Ya Iya Tafiya Da Yara Masu Nakasa

A makarantu da yawa na Jos, da an kaɗa ƙararrawar fita fili akwai yaron da ya riga ya san wurinsa: gindin bishiya, kusa da jakunkuna da takalman 'yan ajinsu. Wani gurgu ne, wani ba ya gani sosai, wata sikila gare ta, wani kuwa farfaɗiya ta taɓa kayar da shi sau ɗaya, tun daga ranar ba a sake barinsa ya taɓa ƙwallo ba. Malamin da ya zaunar da su tsoro yake ji kada wani abu ya faru a hannunsa. A shekara ukun da ya yi yana NCE, wato karatun shaidar malanta a kwalejin ilimi, ko huɗun digiri, babu wanda ya taɓa tsayar da shi a fili da irin wannan yaro ya ce masa, to bismilla, koyar.

Don haka daga kwaleji gyaran zai fara, kuma wannan bayani na malaman sashen PHE ne, wato ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, da masu bin ɗalibai duba koyarwar gwaji. Doka tana bayansu. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba masu nakasa haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, motsa jiki kuwa darasi ne a jadawali kamar lissafi. Filato ta yi sa'a a wannan fage: Jami'ar Jos tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, ga makarantar makafi ta Gindiri da aka kafa tun 1953, ga ta kurame a Bassa, ga manyan makarantun horar da malamai a Pankshin da Gindiri. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da filin wasa.

Tsarin zango

Lakca a kan ire-iren nakasa tana ba ɗalibi sunayen lalurori, amma fargabarsa tana nan. Abin da ke kawar da ita shi ne ya yi ta koyar da yaro guda har ya san halinsa. A ɗauki zango mai mako 12. Makonni uku na farko a aji da filin kwaleji. Daga na huɗu zuwa na goma sha ɗaya a riƙa zuwa makaranta guda, awa biyu a mako, rana ɗaya tsayayya. Mako na ƙarshe kowa ya gabatar da abin da ya koya.

A raba ɗalibai uku-uku: ɗaya yana koyarwa, ɗaya yana taimaka masa, na ukun yana gefe da agogo da takarda, kowane mako su yi musaya. Su fara da yara masu nakasa biyu ko uku kawai. A mako na bakwai a ƙara musu yara goma marasa nakasa, a makonni biyun ƙarshe na zuwa makarantar su riƙe cikakken aji. Wannan hawa mataki-mataki kada a tsallake shi. Wanda ya tsaya a makarantar makafi kaɗai zai iya da makafi zalla, amma ranar da aka tura shi firamare a Gangare ko Unguwar Rogo ya tarar da yara saba'in, biyu daga ciki masu nakasa, sai ya koma gidan jiya. Wanda kuma aka jefa babban aji tun ranar farko, hayaniya za ta ɗauke masa hankali ya manta da yaran biyu. Bayan kowace fita a zauna minti 20 kafin a shiga mota, tun abin yana da ɗumi, kowa ya faɗi abin da ya shirya, abin da ya faru, da abin da zai canza mako mai zuwa.

Ziyarar yini ɗaya, wadda ake zuwa da katan na biskit da sabulu a ɗauki hoto a dawo, illarta ta fi amfaninta. Tausayi ake dawowa da shi, mai tausayi kuwa shi ne mai cewa "bar shi ya huta". Haka ma ɗaure wa ɗalibi ido na minti goma wai ya ɗanɗana makanta. Ruɗewar wanda ya rasa gani yanzun nan zai ji, alhali yaron Gindiri ya yi shekaru yana sanin hanya da kunne da tafin ƙafa, sai ɗalibin ya fita da zaton makaho ba ya iya komai. In za a rufe ido, a rufe don koyon wasa mai doka irin golbol, wasan makafi da ake yi da ƙwallo mai ƙararrawa, kuma makaho ƙwararre ya ja darasin. A gayyato 'yan parasoka, ƙwallon guragu da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988, waɗanda ke zama kan allo mai tayoyi suna buga ƙwallo da hannu, su kara da ɗaliban. Wanda suka yanke sau uku cikin minti biyar zai sake tunani. A kuma tuna musu cewa a gasar nakasassu ta duniya a Rio a 2016 Najeriya ta ciwo zinare 8, sannan Folashade Oluwafemiayo, haifaffiyar Jos, ta ɗaga kilo 167 a Paris a 2024. Makahon da 'yan parasokan da aka gayyato malamai ne, a biya su kuɗin mota da ladan koyarwa.

Kafin a busa usur

Sunan lalura ba ya gaya maka abin da yaro zai iya. Yara biyu da shan inna ta taɓa, ɗaya yana gudu da sanda, ɗaya da hannu yake tafiya kuma duk ajin babu mai ƙarfin kafaɗarsa. Saboda haka abin da ɗalibi zai fara koya shi ne tambaya. Ya keɓe da yaron, ya zauna daidai tsayinsa, ya ce: "Wane wasa kake yi a unguwa? Me ke gajiyar da kai da wuri? Ina ke maka ciwo? In kana son taimako, yaya za ka nuna mini?" Sai iyaye: "Mama, likita ya taɓa hana shi wani abu? Yana shan magani? In abin ya tashi a gida, me kuke yi?" Da yawa za su ce, "Malam, don Allah a bar min shi, ba shi da lafiya." Kada a ja da su. A gayyace su su kalli darasi guda, gani ya kori ji.

Amsoshin a rubuta su a kati ɗaya mai shiga aljihu: abin da yaron ke iyawa a sama, abin da za a kiyaye a ƙasa, lambar gida a baya. Katin sirri ne tsakanin malami da iyaye.

Akwai ladubban da sai an maimaita su har su zama jiki. Ba a tura keken yaro ko a kawar masa da sanda sai da izininsa. Makaho shi ke riƙe gwiwar hannun mai yi masa jagora, yana rabin taku a baya, ba a jan sa. A kira sunansa kafin a yi masa magana, kuma "can" da "nan" ba su da amfani a wurinsa, sai "taku uku a damanka". Ga kurma, malami ya fuskanci rana don haske ya sauka a fuskarsa, kada ya yi magana ya ba da baya, duk lokacin da ya busa usur ya ɗaga tuta tare. Kowane ɗalibi ya fita da alamun yaren kurame kamar talatin daga hannun malami kurma: tsaya, fara, jira, kalle ni, sake, madalla, ruwa, ciwo, launuka da ƙidaya.

Abubuwa huɗu da malami ke iya canzawa

A kowane wasa abu huɗu ne a hannun malami: fili, aikin da za a yi, kayan wasa, da yadda aka raba mutane. Ya canza ɗaya, ya duba ko yaron ya shiga, in bai shiga ba ya taɓa na biyu. Ƙaramin canjin da ya wadatar shi ake so, domin sabon malami yakan sauƙaƙa wasa har ya gundiri sauran yara, su kuma su ɗora laifin a kan yaron.

A ɗauki aji ɗaya na ƙaramar sakandare, yara 60, minti 40, darasin ƙwallon raga. Cikinsu akwai yarinya mai keke, yaro zabiya mai raunin gani, da kurma ɗaya. Yadda aka saba, raga ɗaya ce da ƙwallo ɗaya, 12 suna wasa 48 suna kallo, wato tun kafin a zo kan masu nakasa an riga an zaunar da yawancin ajin. Sai a fara da fili. A ja doguwar igiya a raba wurin gida shida, yara goma a kowanne. Biyu daga ciki su zama na ƙwallon raga ta zaune. Filinta na doka mita 10 ne da 6, tsayin raga mita 1.15 ga maza da 1.05 ga mata, amma ga yara igiya a tsayin mita ɗaya ta isa. Kowace ƙungiya dole ta bi ta waɗannan filaye a juyi, in ba haka ba kafin mako ya ƙare yara za su raɗa musu suna filin guragu. Ƙasar Jos tsakuwa ce, tana cin tafin hannu da wando, a shimfiɗa tamfol ko a yi amfani da daɓen ɗakin taro.

Sai aiki. A yarda a cafe ƙwallo kafin a jefa, ko ta taɓa ƙasa sau ɗaya, ko a yi bugun farko daga mita uku. Wajen kaya, ƙwallon roba mara nauyi ta fi ta gaske ga masu koyo. Balan-balan tana da kyau don tana saukowa a hankali, sai dai iskar hunturu tana tafiya da ita, a bar ta sai cikin ɗaki. Zabiyan a ba ƙungiyarsa ƙwallo ruwan ɗorawa ko ruwan goro mai haske, a tsayar da shi rana tana bayansa. Wajen mutane kuma ba dole ɓangarori su yi daidai ba, huɗu za su iya karawa da shida, sannan a sa doka cewa sai mutum uku dabam-dabam sun taɓa kafin ƙwallo ta haye.

A lura dokar ta kowa ce. Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Sai ka ji an ce "dole a ba wance ƙwallo kafin a ci", ko "cin wane maki biyu ne". Niyyar mai kyau ce, amma an nuna yaron da yatsa, abokan wasansa suna jin haushi, shi kuma yana jin kunya. Kuskure na biyu shi ne wasan da wanda aka kama yake fita: mafi rauni shi ke fara fita, wanda ya fi kowa buƙatar atisaye shi ke samun mafi ƙaranci. A maimakon fita, ya yi jifa biyar a gefe ya dawo. Na uku, barin kyaftin biyu su zaɓi 'yan wasa, wanda ƙarshensa kullum yaro ɗaya ne ke saura a tsaye. A zuba marafan kwalba masu launi a leda kowa ya ɗauka. Na huɗu, maƙala wa yaro alƙalanci ko rubuta maki kowane mako. Alƙalanci aiki ne mai kyau in yana zagayawa kan kowa.

Wani lokaci dole a ware yaro don ya koyi wata dabara shi da mutum ɗaya, kamar yadda zai juya keke da hannu ɗaya ƙwallo tana cinyarsa. Babu laifi, muddin bai wuce minti goma ba kuma abin da ya koya zai shiga da shi wasan a ranar. Kada kuma a raina wasannin gida. A gaɗa, yarinya makauniya tana bin waƙa da tafi ba tare da an canza komai ba, kurma kuma tana bin ƙafafun na kusa da ita.

Buhun kaya

Yawancin makarantun da za a tura su ba su da kuɗin kayan waje, don haka kowane ɗalibi ya haɗa nasa buhun da hannunsa, a ba shi maki a kai.

Ƙwallo mai ƙara ta gaggawa: a sa ƙwallo cikin leda mai ƙaraurawa, a ɗaure, a naɗe da salatif. Ba ta daɗewa. Mai ƙarko: a sami tsohuwar ƙwallon kwando, a tsaga kamar santimita uku, a zura ƙananan ƙararrawa ko marafan kwalba da aka daddale aka jera a waya, a huda 'yan ramuka don sauti ya fito, mai gyaran takalmi ya ɗinke. Ba za ta yi tsalle ba, kuma haka ake so, don ta golbol ta gaske mai kilo 1.25 mirginawa take yi. Filin golbol mita 18 ne da 9, daidai da na ƙwallon raga, mutum uku a kowane ɓangare, duka idonsu a rufe. Layukan da hannu ake jin su: a kan siminti a shimfiɗa siririyar igiya a rufe da faffaɗan tef, a kan ƙasa a ɗaure ta da turaku a buga su har su shafe. Shiru yana cikin dokar wasan, kada a kafa filin kusa da titi, janareta ko injin niƙa.

Ga yaran da suka sami rauni a ƙwaƙwalwa tun haihuwa har gaɓoɓinsu suka taurare, babu kamar bociya: ƙwallaye ja shida, shuɗi shida, fara ɗaya, ana neman wanda zai fi kusanto farar. Tela zai ɗinka su da ragowar yadi a cika da yashi ko gero, kowace kamar giram 275. Wanda ba ya iya jifa, a tsaga bututun roba a tsaye gida biyu, tsawon mita ɗaya, ya gangaro da ƙwallon ta ciki, shi zai faɗi inda za a saita.

Gudun makaho: igiya mai santimita 30 da madauki a kowane baki, shi da abokin gudunsa kafaɗa da kafaɗa, abokin ba ya ja ba ya shiga gaba. Ko a ɗaure doguwar igiya daidai ƙugu tsakanin turaku biyu, a zura guntun bututu ya riƙe, a yi ƙulli mita uku kafin ƙarshe don ya san ya kusa. Keken nan mai taya uku da ake tuƙawa da hannu yana da kyau a tsere da zagaye, amma ba ya juyawa a matsatsi kuma yana kifewa a kwana mai kaifi, a ba shi layin waje mai faɗi. In akwai dakali tsakanin aji da fili, gangaren katako na son tsawon 12 ga kowane tsayi ɗaya: dakali mai santimita 15 yana buƙatar mita 1.8. Kafinta a kasuwar Katako zai haɗa shi.

Abin da ya shafi lafiya

Malami ba likita ba ne, amma akwai abin da bai kamata ya tsaya tunani a kai ba. Sikila ce kan gaba a nan. Sanyi, ƙishirwa da gajiya mai tsanani suna tayar da ita, Jos kuwa tana kan tudu mai kimanin mita 1,200 da sanyin Disamba da Janairu da kowa ya sani. Kada a fitar da mai sikila da sassafe da singileti. Ya sa suwaita, ya sha ruwa duk minti 15, ya huta ba sai ya nemi izini ba, kuma ba a sa shi gwajin juriya. Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, zazzaɓi ko ciwon ƙashi mai tsanani, sai asibiti.

Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa, a faɗa wa ajin haka ƙarara. In ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a duba agogo. Ba a danne shi, ba a cusa cokali, ba a ɗura manja ko ruwa. In jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa, ko ya ji rauni, a kai shi asibiti. A yi ta gwada wannan a kwaleji, wani ya kwanta wasu su yi, har hannu ya saba. Irin wannan yaro yana kusan kowane wasa, ban da hawa sama da ninƙaya babu mai tsaro.

Zabiya yana son hula mai faɗi, riga mai dogon hannu da inuwa in rana ta take. Mai lalurar Down, wadda ake haifar yaro da ita tana jinkirta masa girma da koyo, kada ya yi alkafura, tsayuwa da ka ko bugun ƙwallo da kai sai likita ya duba wuyansa da zuciyarsa, don wasunsu gaɓar wuyansu tana da sako-sako. Mai taurin gaɓoɓi a tsawaita masa ɗumama jiki, kada a fizgi hannu ko ƙafa don a miƙar. Wanda ba ya ji a ƙafafunsa siminti mai zafi zai ƙona shi bai sani ba, a duba fatar bayan darasi. Mai asma, inhelarsa, wato abin shaƙar maganinsa, tana bakin fili, musamman lokacin ƙura.

Abokin wasa

Malami ɗaya ba zai tsaya kan yaro ɗaya ya bar hamsin da tara ba. A koya wa ɗalibi zaɓen yara biyu ko uku masu son yi, ya horar da su a zama biyu na minti 20: ka faɗa, in bai gane ba ka nuna, in bai gane ba ka nemi izini ka kama hannunsa, amma kada ka yi masa. Su riƙa karɓa-karɓa don kada ɗaya ya zama ɗan reno ya rasa nasa wasan. Inda za a taɓa jiki, mace da mace, namiji da namiji.

Maki

Abin da ba a ba maki ɗalibi ba ya ɗaukarsa da gaske. A takardar shirin darasi a ƙara gurbi kusa da kowane aiki: yadda za a sauƙaƙa, yadda za a tsananta, da wanda aka yi dominsa. A fom ɗin duba koyarwar gwaji a ware wa wannan kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

Mai dubawa ya zaɓi yara biyu a asirce, mai nakasa da mara nakasa. Kowane minti ɗaya ya kalle su ya rubuta harafi guda: M in yana motsi, J in yana jira, Z in yana zaune. A darasin minti 40 layi biyu ne masu harafi arba'in-arba'in. Abin nema shi ne kowannensu ya kai rabin darasin yana motsi, kuma tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce minti biyar. Ya ƙirga sau nawa yaron ya taɓa ƙwallo, sau nawa malamin ya gyara masa kuskure, domin wanda ake ce wa "madalla" kullum ba a taɓa gyara masa ba, lallashinsa ake yi. Ɗalibin da ya rantse ya tafi da kowa, in aka miƙa masa takarda ya ga Z goma sha takwas a jere, ba ya buƙatar lakca. Shi ma yaron a auna shi da kansa: jifan mita huɗu a farkon zango, shida a ƙarshe, wannan ci gaba ne da za a rubuta a rahotonsa.

Koyarwar gwaji tana ƙarewa, ɗalibi ya tafi, yaron yana nan. A sa miƙa aiki cikin sharuɗɗan cin kwas ɗin. A mako na ƙarshe malamin makarantar na dindindin ya ja darasi ɗaya ɗalibin yana taimaka masa, a bar masa shirye-shiryen darasi shida da aka gwada suka yi aiki, da sunayen abokan wasan da aka horar, da ƙwallo mai ƙara ko saitin bociya in su yaron ke amfani da su. Katin kuma a miƙa shi hannu da hannu da sanin iyaye, shugaban makaranta ya sa hannu a takardar da ɗalibin zai kawo kwaleji.